Dokar da ta hana 'yar tsana magana da ka

A shekarar 1852 hukumar birnin Lyon na ƙasar Faransa ta ɗora wa masu wasan 'yar tsana wani sharaɗi. Ba ta ce su daina wasa ba. Cewa ta yi duk mai son ya kafa akwatinsa a gaban jama'a sai ya fara rubuta abin da 'yan tsanarsa za su faɗa, ya kai ofishin gwamnan lardi a duba a buga masa hatimi, in kuma ya fara wasa kada ya ƙara komai a kan abin da aka amince da shi. Wanda bai san yadda sana'ar take ba zai ɗauka sassauci aka yi musu, tunda ba a ƙone kayan kowa ba, ba a kuma ɗaure kowa ba. Ni kuwa a ganina, a duk tsawon takun-saƙar da aka yi tsakanin masu mulki da masu wannan wasa, haramci tsagwaronsa bai taɓa yi wa sana'ar illar da irin wannan takarda mai hatimi ta yi mata ba.

Sai an san wane ne Guignol, jarumin wasan 'yar tsana na Lyon, kafin a gane nauyin dokar. Wanda ya ƙirƙiro shi, Laurent Mourguet, ɗan gidan masaƙan siliki ne. Da juyin juya halin Faransa ya durƙusar da kasuwar siliki, sai ya koma talla a kasuwanni, daga baya ya zama mai cire haƙori. Don ya tara mutane, sai ya riƙa wasa da 'yar tsana irin wadda ake zura hannu a cikin rigarta, yatsa ɗaya ya riƙe kai, sauran su motsa hannuwa. Wajen 1808 ya sassaƙa Guignol, talaka mai kaifin baki wanda kullum kuɗin haya ke wuyansa, da matarsa Madelon, da abokinsa Gnafron, mai gyaran takalma da ba ya rabuwa da kwalba. Mourguet bai iya karatu da rubutu ba. Ya rasu a 1844 bai bar rubutaccen wasa ko ɗaya ba. Jigon labari kaɗai yake riƙewa a ka, sauran zancen kuwa daga abin da ya faru a gari ran nan yake tsinto shi: farashin da ya tashi, mai gidan hayan da ya watsa wa wani kaya waje, attajirin da ya rage kuɗin saƙa. 'Yan kallonsa manya ne, leburori da masaƙa da ke taruwa da dare a shagunan shaye-shaye, kuma da karin harshen unguwarsu yake yi musu magana.

Waɗannan masaƙa su ne suka yi bore a 1831 da 1834 har sai da aka turo soja. Saboda haka lokacin da Louis Napoleon ya ƙwace mulki gaba ɗaya a Disambar 1851, Lyon na cikin biranen da gwamnatinsa ta fi sa wa ido, kuma ɗakin da masaƙa ke cika kowane dare suna dariyar ɗan sanda yana shan kulki ba abin da za ta kau da kai a kansa ba ne.

Dubi abin da sharaɗin rubutu yake yi wa irin wannan sana'a. Mai wasan da bai iya rubutu ba dole ya nemi marubuci, shi kuma marubucin tun a kan tebur zai fara sassauta kalmomi, don ya san wanda zai karanta. Kafin takarda ta je ofis ta dawo, labarin da ya sa aka yi wasan ya tsufa, gari ya koma wani zancen. Musayar da ake yi da 'yan kallo, wani ya jefo magana daga baya 'yar tsana ta mayar masa nan take, ta zama laifi, domin babu ita a takarda. Ɗan sanda kuma ya sami abin riƙewa a hannu: ba ya buƙatar ya tabbatar da cewa an zagi gwamnati, ya ishe shi ya nuna cewa an faɗi abin da ba a rubuta ba. Mai shago ma, da yake shi za a rufe wa wuri, sai ya zama shi ne mai tacewa na farko tun kafin hukuma ta iso. Masu wasa sun ci gaba da sato hanya, suna saka shaguɓe in sun ga babu baƙon ido a ɗakin. Amma abin da a da shi ne zuciyar sana'ar ya koma abin da ake yi a ɓoye da fargaba.

Gaskiya ne cewa wannan doka ce ta sa yau ake da tsofaffin wasannin Guignol a rubuce, kuma masu bincike suna cin moriyarsu. Sai dai a lura da wanda ya fara fitar da su ga duniya. A 1865 wani alƙali ɗan Lyon, Jean-Baptiste Onofrio, ya tattara wasu ya buga su littafi, bayan ya share kalaman da yake ganin ba za su shiga gidan mutunci ba. Daga nan Guignol ya shiga falon masu hali, sannu a hankali ya gangara lambunan shaƙatawa. Yau in aka ambaci sunansa a Faransa, wasan yara ne ke fara zuwa wa mutum a rai. Akwai wasu dalilan: masaƙan hannu sun ƙare, silima ta zo. Duk da haka, wasan da silima ta tarar an riga an rage masa kaifi shekaru da dama kafin zuwanta.

Me ya sa gwamnati mai soja da kurkuku za ta tsaya tana bin guntun itace da tsumma? Ɗan wasan da ya hau dandamali da fuskarsa, shi ya yi magana, shi za a kama. Mai 'yar tsana kuwa yana bayan labule, muryar ma an sauya ta, kuma kowa a wurin ya yarda cewa wancan ɗan mitsitsin ne ya yi rashin kunyar. Wannan yarjejeniya ta wasa tana ba da damar faɗin abin da ba a iya faɗa ido da ido. Ga shi kayan aikin ba su wuce abin da mutum ɗaya zai saɓa a kafaɗa ba, kafin rahoto ya kai ofis ya bar unguwar. Sannan abin da ake nunawa kusan iri ɗaya ne daga Landan har Alƙahira: ƙaramin mutum ya ɗaga sanda ya rafka wa mai iko, jama'a su fashe da dariya tare. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

A Ingila abin ya zo ta wata fuska, domin a can raina wasan da doka ta yi shi ne ya tsare shi. Da majalisa ta rufe gidajen wasan kwaikwayo a 1642, har zuwa 1660, masu 'yar tsana sun ci gaba da harkarsu a kasuwannin shekara-shekara. A 1737 gwamnatin Firaminista Robert Walpole, da habaicin 'yan wasa ya ishe ta, ta yi dokar da ta wajabta kai kowane sabon wasa ofishin wani babban jami'in fada kafin a nuna shi, ta kuma taƙaita gidajen da ke da izini. Wannan tacewa ba a soke ta ba sai a 1968. Shekara ɗaya da yin dokar ta 1737, wata 'yar wasa da ta rasa aikinta, Charlotte Charke, ta buɗe gidan wasan 'yar tsana a Landan, ta ci gaba da nuna wasanni da itace a madadin mutane. Haka aka yi a Paris a 1722, lokacin da manyan gidajen wasa masu izinin sarki suka sa aka toshe bakin 'yan wasan kasuwa: marubutan suka koma rubuta wa 'yan tsana.

Labarin ya fi zurfi a ƙasashen Musulmi, inda wasan inuwa ya yi ƙarnoni yana tashe. A nan ana yanka siffofin mutane ne daga fata, galibi ta raƙumi, a kankare ta har haske ya iya ratsawa, a rina, sannan a manna su a jikin farin ƙyalle da fitila a baya. A Masar, a 1451, Sarki Jaƙmaƙ na daular Mamluk ya ba da umarni a ƙone siffofin masu wasan inuwa, aka kuma karɓi alkawarinsu cewa ba za su koma ba. Haramci ne ƙarara daga sarki mai cikakken iko. Amma a 1517, da Sarki Salim na Ɗaya na daular Usmaniyya ta Turkiyya ya ci Alƙahira, masanin tarihi Ibn Iyas ya ruwaito cewa wani mai wasan inuwa ya nuna masa yadda aka rataye Tuman Bay, sarkin Mamluk na ƙarshe, abin ya burge shi har ya ce zai tafi da mutumin Istanbul ɗansa ya gani. Ke nan shekara 66 bayan wutar Jaƙmaƙ sana'ar na nan da ranta, da gwanayen da suka isa a kai su gaban sarki.

A Istanbul wasan ya zama Karagoz, sunan jarumin nasa, wani talaka marar boko mai faɗin duk abin da ya zo bakinsa, tare da abokinsa Hacivat mai iyayi da manyan kalmomi. Lokacinsa mafi armashi shi ne watan azumi, a shagunan shan gahawa bayan an sha ruwa, kowane dare da wasansa, ban da daren Lailatul Ƙadari. Mai karatu Bahaushe zai tuna da tashe, don shi ma a cikin azumi ake yin sa, shi ma da kwaikwayo da ba'a yake gyara halin jama'a, kuma shi ma a 'yan shekarun nan 'yan sanda a Kano sun sha dakatar da shi da dalilin tsaro. Malaman daular Turkiyya ba su rufe ƙofa gaba ɗaya ba. An ruwaito daga Shaihul Islam Abus-Su'ud, wanda ya riƙe muƙamin daga 1545 zuwa 1574, cewa ya bambanta mai kallo don ɗaukar izina da mai kallo don shagala. Su ma masu wasan sun san wannan iyaka: sukan buɗe da waƙa mai salon sufaye da ke kwatanta labulen da duniya mai gushewa, su rufe da Karagoz yana neman afuwa kan duk wata suɓul-da-baka.

Ba zan ɓoye ba, tsakanin wannan buɗewa da wannan rufewa akwai batsa, kuma ba kaɗan ba. Matafiya da yawa sun rubuta mamakinsu kan irin abin da ake nunawa alhali akwai yara a wurin. Duk uban da ya ce bai yarda ɗansa ya zauna gaban wannan labule ba yana da hujja, kuma hukumar da ta ce a raba wasan manya da na yara ba ta yi zalunci ba. Abin lura shi ne, an yi ƙarnoni ana haƙuri da batsar. Takunkumi mai ƙarfi ya zo ne a kan siyasa. Daga zamanin Sarki Abdul'aziz, wanda ya yi mulki daga 1861 zuwa 1876, aka hana fito da manyan jami'an gwamnati a labule, a zamanin Abdulhamid na Biyu kuma abin ya ƙara tsanani. Karagoz ya tsallaka zuwa jarida, can ma aka bi shi. A 1877 wani ɗan jarida, Teodor Kasap, ya buga zanen Karagoz a ɗaure hannu da ƙafa, da bayanin cewa wannan shi ne 'yanci a cikin da'irar doka, yana nuni da sashen sabon tsarin mulkin 1876 da ya yi magana kan 'yancin jarida. An yanke masa ɗaurin shekara uku. Da jamhuriyar Turkiyya ta kafu, sai aka shiga rubuta wa Karagoz sababbin wasanni masu koyar da manufofin sabuwar gwamnati, shi ma daga baya ya gangara wajen yara, kamar takwaransa na Lyon.

A Aljeriya ba a ma yi wani ɓoye-ɓoye ba. Faransawa sun mamaye ƙasar a 1830, masu wasan inuwa suka riƙa nuna Karagoz yana lallasa sojojin Faransa, a 1843 hukumar mulkin mallaka ta haramta wasan. A nan haramcin ya yi tasiri sosai, domin bai zo shi kaɗai ba: ya zo ne a cikin mamayar da ke rusa unguwanni da sana'o'i da duk rayuwar birnin da wasan ke tsaye a kanta.

Wani lokaci kuma harshen da 'yar tsana ke magana da shi ne laifinta. A Taiwan, a 1970, wani gwani mai suna Huang Chun-hsiung ya kai wasan gargajiya na zura hannu gidan talabijin, da harshen Hokkien da yawancin mutanen tsibirin ke yi a gida. Da tsakar rana ake nunawa, mutane na ajiye aiki su kalla. A 1974 aka dakatar da shi da hujjar yana hana manoma da ma'aikata aiki, a daidai lokacin da gwamnati ke tilasta harshen Mandarin a makarantu da kafofin watsa labarai. A Indunusiya umarnin shugaban ƙasa mai lamba 14 na 1967 ya hana 'yan asalin Sin bayyana al'adunsu a fili, wasansu na 'yar tsana da ake kira potehi ya maƙale a harabar wuraren ibadarsu har sai da Shugaba Abdurrahman Wahid ya soke umarnin a 2000. Wasan wayang kuwa, wato wasan 'yar tsana na gargajiya na tsibirin Jawa a Indunusiyar, gwamnatin Shugaba Suharto rungumarsa ta yi. Bayan kashe-kashen 1965 da 1966, waɗanda suka rutsa da masu wasan da aka alaƙanta da 'yan gurguzu, sauran an tattara su cikin ƙungiyoyi, aka riƙa ba su saƙon gwamnati, irin su tsarin iyali da shirye-shiryen raya ƙasa, su sa a bakin 'yan barkwancin wasan, waɗanda a al'ada su ne muryar talaka.

Misalin da ya fi wuyar yanke hukunci shi ne na jihar Kelantan a Malesiya. Jam'iyyar Musulunci ta PAS ta karɓi mulkin jihar a 1990, ba da jimawa ba ta hana nuna wayang kulit, wato wasan inuwa na siffofin fata, da wasu wasannin gargajiya a bainar jama'a, a 1998 kuma aka shigar da hanin cikin dokar kula da wuraren nishaɗi. Hujjar ba ta siyasa ba ce, ta aƙida ce, kuma ba ƙage aka yi ba. Labaran wasan daga tatsuniyar Rama ta Hindu aka samo su, kuma a tsohuwar al'ada mai wasa yakan buɗe fili da surkulle da ajiye abinci don iskoki. Musulmin da ya ƙyamaci wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba, mu ma mun san irin wannan muhawara a kan bori. Tambayar ita ce ko sai an rufe fili baki ɗaya kafin a raba wasa da tsafi. A Jawa an bi wata hanyar tun ƙarnoni da suka wuce, inda ake danganta wa waliyyan da suka yaɗa Musulunci, musamman Sunan Kalijaga, amfani da wayang wajen kiran mutane zuwa addini. Ita kanta Kelantan daga baya ta koma barin wasan in an cire surkullen an kuma gyara labaran. Sai dai kafin nan an yi asarar abin da doka ba ta iya mayarwa. A ƙarshen shekarun 1960 an ƙiyasta masu wannan wasa a jihar sun kai 300, yau 'yan ƙalilan ne suka rage. Talabijin da bidiyo sun ci nasu kason, amma sana'ar da ake koyo ta hanyar bin maigida daga wannan biki zuwa wancan ba ta jure shekaru babu biki. Yaron da zai gaje ta ya riga ya kama wata hanyar neman abinci.

Kada a ɗauka zancen ya zama tarihi. A Fabrairun 2016, a bikin shekara-shekara na carnival na birnin Madrid, 'yan sandan Sifaniya sun kama masu wasa biyu suna tsakar wasa da 'yan tsanar zura hannu, a salon gargajiyar ƙasar mai jarumi Don Cristóbal da kulkinsa. A cikin labarin, wani ɗan sanda ne ke ɗora wa wata mata ƙyalle mai ɗauke da kalmomin da suka haɗa sunan Alƙa'ida da na ETA, ƙungiyar 'yan aware masu ɗauke da makamai ta yankin Basque, don ya ƙulla mata sharrin ta'addanci. Wannan ƙyallen aka riƙe a matsayin hujja, aka tuhume su da yabon ta'addanci, suka kwana biyar a kurkuku kafin a sake su a karɓe fasfo ɗinsu. Iyayen da suka kira 'yan sanda suna da dalilin fushi, domin wasan na manya ne, akwai rataya da kisa a ciki, amma an sa shi a jadawali kamar wanda ya dace da yara, kuma hukumar birnin ta amsa cewa kuskuren nata ne. Irin wannan kuskure gyaransa a bayyane yake: a faɗi shekarun masu kallo, a zaɓi wuri da lokaci. Wannan aikin hukuma ne, kuma ina goyon bayan ta yi shi da gaske. Bin kalmomin da ɗan sandan cikin labari ya rubuta a ɗora su a wuyan mai riƙe da shi wani abu ne daban, kuma a ƙarshe kotunan Sifaniya ba su amince da tuhumar ba. A farkon 2017 aka rufe shari'ar ba tare da an same su da laifin komai ba.